A Daina Yi Wa Killifish Kuɗin Goro

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin masu kiwon kifin ado, cewa killifish ba na sabon shiga ba ne, wai ba ya daɗewa, ga tsirfar cin abinci. Wannan kuɗin goro ne aka yi wa dangin da ya haura nau'i 1,000. Tushen zargin shi ne Nothobranchius, mazauna kududdufan da ke ƙafewa da rani. Su kam gajeren kwana ne da su. Nothobranchius furzeri na Zimbabuwe da Mozambik 'yan watanni yake yi a duniya, ƙwansa ya kwanta a busasshiyar laka har damina ta dawo. Abin takaicin shi ne irin waɗannan ƙwai ake tallatawa a intanet cikin 'yar leda. Sabon shiga ya saya ya zuba musu ruwa, 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su mutu don ba shi da abinci mai rai da zai ba su, daga nan ya yanke wa dangin duka hukunci.

Kifin da ya kamata a fara da shi yana rafukan Najeriya da Kamaru, wato Fundulopanchax gardneri, wanda masanin kimiyya Boulenger ya raɗa wa suna a 1911. Masu kiwo a Turai da Amurka suna kiran ire-irensa da sunan inda aka kamo su, irin su Makurɗi da Akure da Jos. Tsawonsa kamar santimita 6 ne, yana kai shekara 2 zuwa 3, kuma yana karɓar busasshen abincin kanti. Namijin shuɗi ne mai ɗigo-ɗigon ja, a wasu ire-iren gefen jelarsa ruwan ɗorawa. Wajen haihuwa ne ya fi kunyata masu waccan magana: a ɗaure curin zaren ulu a jefa a ruwan, macen ta liƙa ƙwanta ɗai-ɗai a jiki, masu taurin da za a iya tsince su da yatsa, su ƙyanƙyashe cikin mako 2 zuwa 3 ba tare da an busar da komai ba.

Za a ce namijin mafaɗaci ne. Haka ne, yana takura wa mace, maganinsa kuwa shi ne a haɗa shi da mata biyu, a cika akwatin gilashin da ake kiwonsu a ciki da ciyayin ruwa don su sami maɓoya. Za a ce yana tsalle; wannan ma gaskiya ne, ɗan gibin da wayar lantarki ke shiga ya ishe shi fita, don haka murfi ya zama tilas. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne zafi. Kifin ya fi son ruwan da bai wuce digiri 26 ba, ɗaki a Kano ko Maraɗi kuwa yana zarce haka da bazara. Amma wannan matsala ce ta galibin kifayen ado, ba ta gardneri kaɗai ba, kuma ana rage ta da ajiye akwatin a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, a sa murfin raga, a kunna fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan.