Kallon Kifin Wel A Kanada: Nisan Mita 400 Bai Wadatar Ba

A Lardin Kwibek na ƙasar Kanada akwai wani ɗan ƙauye mai suna Tadoussac, daidai inda Kogin Saguenay ya faɗa cikin bakin Kogin St. Lawrence. Mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba, amma daga watan Mayu zuwa Oktoba baƙi kan cika shi maƙil. Abin da ke kawo su shi ne su shiga jiragen ruwa, sanye da manyan rigunan sanyi, su je kallon manyan halittun tekun nan da ake kira kifin wel. Kifi ne a suna kawai, domin haihuwa yake yi yana shayarwa kamar ayu, kuma dole ya leƙo sama ya shaƙi iska.

Dalilin taruwarsu a wurin sananne ne. Akwai wani kwari a ƙarƙashin kogin mai zurfin kimanin mita 300, wanda ya ƙare kwatsam a gaban ƙauyen. Idan teku ta yi cikowa sai ta turo ruwan ƙasa mai tsananin sanyi zuwa sama, ƙananan kifaye da jatan lande su taru, manyan kuma su biyo abinci. Yawancinsu baƙi ne, suna zuwa suna komawa. Ɗaya ne kaɗai ɗan gida, watau beluga, fari fat, wanda ke zaune a kogin rani da damina.

Wannan ɗan gida ya sha wuya a hannun mutane. A shekarun 1930 Gwamnatin Kwibek takan biya ladan dala 15 ga duk wanda ya kawo jelar beluga, bisa zargin wai su ne ke cinye wa masunta kifi, zargin da bincike ya ƙaryata daga baya. Ba a haramta farautarsu ba sai a 1979. A 2014 kwamitin masana na ƙasar ya sanya su cikin halittun da ke gab da ƙarewa.

Masu jiragen kallo suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa sana'arsu ce ta sa mutanen yankin suka gane cewa wel mai rai ya fi matacce amfani. Gaskiya ne, kuma babu shakka hakan ya taimaka wajen kafa Gandun Ruwa na Saguenay da St. Lawrence a 1998. Dokokin gandun, waɗanda aka kafa a 2002 aka kuma tsaurara a 2017, sun hana kowane jirgi matsawa kusa da beluga ƙasa da mita 400, sun kuma ƙayyade gudu. Tun 2018 ana rufe gaɓar Sainte-Marguerite, inda iyaye mata ke taruwa da 'ya'yansu, daga 21 ga Yuni zuwa 21 ga Satumba.

To amma dokar nisa ta ido ce, alhali beluga da kunne yake rayuwa. A ƙarƙashin ruwan akwai duhu, saboda haka sauti yake aikawa ya saurari amsa-kuwwa, da haka yake gane abinci da hanya. Uwa da ɗanta ma da kira suke riƙe juna, kuma muryar jariri ba ta da ƙarfi. Ƙarar inji tana tafiya nesa ƙwarai a cikin ruwa, ba ta san iyakar mita 400 ba. Matuƙin jirgi yana iya bin doka sau da ƙafa, amma ya toshe kunnen uwar da bai ma gani ba. Tun daga 2008 masu bincike suka lura da ƙaruwar gawarwakin jarirai a gaɓar kogin. Ba a ɗora laifin duka a kan jirage ba, domin akwai ɗumamar ruwa da ƙarancin abinci da gubar masana'antu. Sai dai a cikin waɗannan duka, ƙara ce kaɗai hukuma za ta iya ragewa a cikin shekara guda idan ta ga dama.

Saboda haka abin da ya kamata shi ne a rage yawan fitar jirage a kowace rana, musamman a watannin haihuwa, a kuma ƙara wuraren da aka rufe. A lokaci guda a ƙarfafa kallo daga tudu. A Cap-de-Bon-Désir da Pointe-Noire mutum kan zauna a kan dutse ya ga wel yana wucewa kusa da gaɓa, ba inji ba hayaƙi. Abin da ake buƙata a nan haƙuri ne kawai, wanda baƙon da ya biya kuɗin awa uku bai cika samunsa ba.

Har wa yau, rashin adalci ne a matsa wa ƙananan masu sana'a lamba a ƙyale manya. Jiragen dakon kaya masu zuwa Montreal ta nan suke bi, kuma rage gudun da aka nemi su yi tun 2013 na ganin dama ne, ba tilas ba. Ga kuma jirgin fito da ke tsallaka bakin Saguenay dare da rana. Gwamnatin Kwibek ta nuna tana iya tsayawa a 2021, sa'ad da ta ƙi amincewa da shirin GNL Québec, wanda da ya kawo manyan jiragen dakon iskar gas cikin Saguenay. Irin wannan tsayuwa ake bukata a kan jiragen da ke wucewa yanzu, a mai da rage gudu doka a kan kowa, daga kwalekwalen roba mai ɗaukar mutum goma sha biyu har zuwa jirgin kwantena.