Gayyar Kuɗi ta Manyan Masu Shirya Fim: Da Abokin Daka Ake Shan Gari

A shekarar 2013 wata muhawara ta kaure a Amurka wadda har yau ƙurarta ba ta gama kwanciya ba. Tsakanin watan Maris da na Agusta, mutum uku da suka riga suka yi suna a harkar fim suka fito a shafin intanet na Kickstarter suna neman 'yan kallo su yi musu karo-karon kuɗin da za su shirya sababbin finafinai. Wasu suka ce wannan 'yanci ne, wasu suka ce ƙoshi ne ya shiga layin mayunwata. A ganina, babu abin kunya ga mai suna ya kira gayya. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar girbi: rumbun wa za a kai hatsin?

Bari mu fara da yadda abin yake tafiya. An buɗe Kickstarter a 2009. Mai neman kuɗi yakan bayyana aikin da zai yi, ya faɗi adadin da yake bukata, ya sa wa'adi. Idan wa'adi ya cika kuɗin bai kai ba, ba a karɓar ko sisin kowa. Idan ya kai, kamfanin ya cire kashi 5 cikin 100, a miƙa masa saura. Wanda ya ba da kuɗi kuwa tukuici yake samu gwargwadon abin da ya bayar: riga mai tambari, kwafin fim, tikitin kallon farko, ko a sa sunansa cikin jerin waɗanda aka gode wa. Ba ya da ko ƙwayar hannun jari a cikin fim ɗin. A riƙe wannan da kyau, domin a kansa maganar take.

Na farkonsu shi ne Rob Thomas, mai shirin talabijin ɗin Veronica Mars, wanda aka daina a 2007. Ya nemi dala miliyan 2 don ya mayar da labarin fim, aka cika masa su kafin awa 12, daga ƙarshe mutum sama da 91,000 suka tara dala miliyan 5.7. A watan Afrilu Zach Braff, tauraron shirin Scrubs, ya biyo baya. Mutum sama da 46,000 suka ba shi dala miliyan 3.1 don fim ɗinsa Wish I Was Here. Sai Spike Lee, dattijo a wannan sana'a, wanda ya nemi dala miliyan 1.25 ya samu kusan miliyan 1.4, ya yi Da Sweet Blood of Jesus da su.

Masu suka sun ce irin wannan shafi gatan marasa gata ne: ɗalibin da ya gama makarantar fim, ko mai labarin da babu kamfanin da zai ko dube shi. Idan giwa ta shiga tafki, in ji su, ƙananan dabbobi sai su kwana da ƙishi. Magana ce mai kama hankali, amma alƙaluma ba su goya mata baya sosai ba. Kickstarter da kansa ya sanar a watan Mayun 2013 cewa kashi 63 cikin 100 na waɗanda suka ba Thomas da Braff kuɗi ba su taɓa ba kowa a shafin ba, kuma dubbai daga cikinsu sun zarce suna tallafa wa wasu ayyuka. Ashe manyan sun zo da jama'arsu, har ƙanana suka samu rabo.

Sannan suna daban, ikon yin abin da kake so daban. A Hollywood wanda ya zuba kuɗi shi ke riƙe da almakashi: shi zai ce a yanke nan, a sauya ƙarshen labari, a ɗauki wane a ajiye wane. Wannan ne dalilin da Braff ya bayar na zuwa wurin jama'a. Tarihin Spike Lee kuma shaida ne. Fim ɗinsa Inside Man na 2006 ya kawo sama da dala miliyan 180 a duniya, duk da haka bai samu damar yin kashi na biyu ba. Tun kafin nan, a 1992, lokacin da kuɗin aikin Malcolm X suka ƙare, kamfanin da ya tsaya wa fim ɗin lamuni ya karɓe ragama yana neman a gajarta shi. Lee ya juya ga fitattun baƙaƙen fata irin su Oprah Winfrey, Michael Jordan, Magic Johnson, Janet Jackson da Prince, suka ba shi gudummawa, ya ƙarasa fim ɗin da tsawonsa na sama da awa 3. Da ya ji kunyar roƙo a wannan rana, da duniya ta samu gurguwar sura ta tarihin wannan bawan Allah. Don haka ban yarda a toshe bakin mutum saboda ya yi suna ba.

To, ina matsalar take? Mu dubi abin da ya biyo baya. Veronica Mars mallakar kamfanin Warner Bros. ne tun asali. Masoya suka biya kuɗin aikin, suka yi masa talla kyauta a kafafen sada zumunta, aka saki fim a Maris 2014, haƙƙin mallaka da duk abin da kasuwa ta kawo suka tsaya inda suke. Wato ƙaton kamfani ya sauke kasadar asara a wuyan talakawa, ya riƙe damar riba a aljihunsa. Shi kuwa Braff, bayan ya karɓi na jama'a, wani kamfanin zuba jari mai suna Worldview Entertainment ya shigo da ƙarin kuɗi, sannan a bikin finafinai na Sundance na 2014 aka sayar wa Focus Features haƙƙin rarraba fim ɗin a kan kusan dala miliyan 2.75. A tebur guda aka samu masu zuba kuɗi iri biyu: wanda za a mayar wa nasa da riba, da wanda aka sallama da riga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na cewa an yaudari kowa. An faɗa musu tukuici za su samu, kuma da yardarsu suka bayar. Akwai ma uzuri na doka: a wancan lokaci dokar Amurka ba ta ba da damar sayar wa kowa da kowa hannun jari ta intanet ba. An sa hannu a dokar JOBS Act a 2012, amma sashenta da ya buɗe wa talaka wannan ƙofa bai fara aiki ba sai a watan Mayun 2016. Daga wannan lokaci uzurin ya yi rauni. Kuma ko kafin nan, abin da doka ta halatta ba lalle ne ya cika sharaɗin mutunci ba. Kowane ɗan ƙauye ya san ƙa'idar gayya: mai gona yakan ciyar da waɗanda suka zo, kuma ranar da aka kira tasu gayyar shi ma zai saɓi fartanya. Ba a taɓa jin an tara matasan gari sun nome gonar attajirin da ke da kuɗin ɗaukar 'yan ƙodago, sannan ya sayar da amfanin ya ce musu sun ci lada ba.

Idan ana neman abin koyi, yana can Indiya, shekaru da yawa kafin intanet ta shiga gidaje. A 1976 Shyam Benegal, wanda finafinansa Ankur da Nishant suka riga suka ɗaga sunansa, ya yi Manthan a kan gwagwarmayar kafa ƙungiyoyin gama-kai na masu sayar da madara a jihar Gujarat. Manoma makiyaya 500,000 ne suka ba da rufi bibbiyu. An rubuta a farkon fim ɗin cewa su ne suka gabatar da shi, labarin nasu ne, kuma da ya fito suka riƙa cika manyan motoci suna zuwa kallo. Daga baya aka riƙa amfani da shi wajen wayar da kan makiyaya a kan amfanin haɗin kai, har aka sake nuna shi a bikin Cannes na Faransa a 2024. A nan wanda ya daka shi ya sha gari, ko da ba a ƙirga masa riba a hannu ba, domin amfanin aikin gidansa ya koma.

Saboda haka, ga ma'aunin da nake ganin ya dace a ɗora duk wani babba a kai idan ya miƙo ƙoƙo. Na farko, ya bayyana tun kafin a ba shi ko anini wa zai mallaki fim ɗin, da su wane ne sauran masu zuba kuɗi, da nawa shi kansa ya saka. Na biyu, idan akwai kamfanin da zai kwashi riba, to a buɗe wa jama'a hanyar samun rabo, ko kuma a yi alkawari a rubuce cewa wani kaso zai tafi ga tallafa wa ƙananan masu fim. Na uku, bayan an gama aiki ya dawo ya yi lissafi a bainar jama'a, kamar yadda ma'ajin kowace ƙungiya yake yi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mai ba da kuɗi shi ma yana da nasa aikin. Ƙaunar tauraro takan rufe ido, har mutum ya manta da tambayar da zai yi wa maƙwabcinsa in ya zo neman a haɗa kuɗin sana'a. Kafin ka danna ka aika, ka tambayi kanka: kyauta nake bayarwa, ko saye nake yi tun kaya ba su iso ba, ko jari nake zubawa? Kowanne da hukuncinsa, kowanne da abin da ya kamata ka sa rai da shi. In ka san kyauta ce kuma zuciyarka ta natsu, bayar, babu mai zarginka. Amma ka tuna cewa jama'ar da ta iya tara dala miliyan 2 kafin awa 12 tana da ƙarfin gindaya sharaɗi, in dai ta yi magana kafin ta miƙa kuɗin. Allah ya sa mu gane, ya ba mu ikon riƙon amana.