Karatun sasanta rikici: wa zai biya idan masu tallafi sun janye?

Kusan ba a yin mako guda gidan rediyonmu bai karɓi labarin wata rigima ba: ko dabbobi sun shiga gona, ko an cinye burtali, ko 'yan uwa suna jayayya a kan gado. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a 1991 bai manta da abin da ya faru a Toda ta jahar Maraɗi ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane kimanin 100. Bayan wannan ne Nijar ta samu Dokar Karkara ta 1993 da kwamitocin kula da filaye, sannan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 ta kawo ƙarshen tawayen arewa. Amma doka ba ta aiki da kanta, sai da mutanen da suka ƙware a kan sasanci. Abin tambaya a nan shi ne, wa ke biyan kuɗin karatunsu?

Gaskiyar magana, kusan kullum baƙi ne. Tun 2002 ƙungiyar Rotary take ɗaukar nauyin ɗalibai su yi digiri na biyu a fannin zaman lafiya a jami'o'i irin su Bradford ta Ingila, Uppsala ta Suwidin da Queensland ta Ostareliya. Tana biyan kuɗin makaranta, masauki, abinci da jirgin zuwa da dawowa. Sharaɗi shi ne mutum ya riga ya yi digiri na farko, ya yi aƙalla shekara 3 yana aiki a fannin, kuma ya iya Turancin Ingilishi. A 2021 ta fara wani kwas na shekara ɗaya a jami'ar Makerere ta Yuganda, wanda ke neman shekara 5 na aiki. Akwai kuma tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka kafa a 1983, mai buƙatar shekara 2 na aiki da alƙawarin komawa gida bayan an gama.

To amma iska ta juya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, Faransa ta dakatar da agajinta ga Nijar, ta daina ba da biza, kana ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. A 2025 gwamnatin Donald Trump ta rushe hukumar agaji ta USAID, a watan Disamba kuma ta sanya Nijar, Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka. Ita ma Birtaniya ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta rage kuɗin agaji daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na arzikin ƙasa. Hatta makwabciyarmu Nijeriya, asusunta na TETFund ya dakatar da tura malaman jami'a karatu waje tun daga Janairun 2025. Ke nan ƙofofi suna rufewa a daidai lokacin da yankin Sahel ya fi buƙatar masu sasanci.

Ko a lokacin da ƙofofin suke buɗe, ba kowa suke wa amfani ba. Ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci sai ya fara biyan kuɗin koyon Ingilishi, da na jarrabawar harshen, da na fassara takardu, da na fasfo, tun bai san ko za a ɗauke shi ba. In ya dace, wa zai riƙe masa iyali shekara guda ko biyu? Shi ya sa guraben suke faɗawa hannun ma'aikatan manyan ƙungiyoyi na birni, alhali sakataren kwamitin filaye da ke shiga tsakanin manomi da makiyayi kowace kaka bai ma ji labarinsu ba.

 Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da wannan fanni, haka ma cibiyar Kofi Annan ta birnin Akara da cibiyar nazarin tsaro da zaman lafiya ta jami'ar Adis Ababa. Kuɗin tura mutum ɗaya Turai zai iya karantar da mutane da dama a waɗannan wurare. Ya kamata hukumar ba da tallafin karatu ta ANAB da hukumar ƙarfafa zaman lafiya ta HACP su ware guraben shekara-shekara domin wannan fanni, a fifita masu aikin a karkara, mata da maza, bisa sharaɗin su koma inda suka fito. Jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Diffa su ma su ba fannin muhimmanci, su riƙa gayyato sarakuna da ardo-ardo cikin aji, domin su ne suka san hanyar.

Ga matasa kuwa, kada a karaya. A fara koyon Ingilishi tun yanzu, a adana shaidar duk aikin da aka yi, a nemi wurare da yawa maimakon ɗaya, kuma a guji duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi, domin neman tallafin Rotary ko Chevening kyauta ne.

Ƙasar da ke sayen makamai da kuɗinta bai kamata ta jira sadaka kafin ta horar da masu kashe wutar fitina ba. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.