Sarƙar Safiyo da Nisan Taurari

Na daɗe ina aikin safiyo, har yau kuma idan aka ce min mita ashirin, sarƙa ɗaya nake gani a ido. Ina nufin sarƙar awon da Edmund Gunter, malamin lissafi a Ingila, ya fito da ita a 1620: ƙafa 66, gaɓa 100, wato mita 20.1168. Sarƙa 80 su ne mil ɗaya, fili mai tsawon sarƙa goma da faɗin sarƙa ɗaya kuma shi ne eka.

A ganina malaman kimiyya na makarantunmu suna asarar wannan tsohon ma'auni. Za ka ji malami ya ce wa yara tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, su rubuta, su haddace, ba wanda ya ji nisan a jikinsa. Masana taurari sun mayar da wannan tazara ma'auni mai zaman kansa, a taron ƙungiyarsu ta duniya a Beijing a 2012 suka tsayar da shi a kan mita 149,597,870,700. In ka raba da tsawon sarƙa, za ka samu sarƙa biliyan 7.4 da 'yan kai. To, sai me? An dai sauya wa sifiri riga ne kawai. Wannan lissafin ba shi nake tallatawa ba.

Amfanin yana wani wuri. Mil ɗaya yana da inci 63,360. Nisan da haske ke ci a shekara guda kuwa ya ninka tazarar rana sau 63,241. Dubi yadda alƙaluman suka kusa haɗuwa, kuma dacewa ce tsagwaronta, ba wanda ya shirya ta. Saboda haka in ka ɗauki tsakaninmu da rana a matsayin inci ɗaya, tafiyar haske ta shekara ta zama mil ɗaya, sarƙa 80 ke nan.

Yanzu malami ya fitar da yara fili, ya kafa turke ya ce ga rana. Duniyarmu tana inci ɗaya daga turken. Neptune, ta ƙarshe a jerin duniyoyi takwas, tana inci 30, ko yadi ba ta cika ba. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba tun 1977, wanda ya fi duk abin da ɗan Adam ya ƙera nisa, bai wuce ƙafa goma sha 'yan kai ba, ko sulusin faɗin fuloti mai ƙafa hamsin bai kai ba. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, sai an ja sarƙa kusan 340, sama da mil huɗu, kafin a kafa masa nasa turken. Yaron da mahaifinsa ya taɓa sayen filin awon igiya a bayan gari ya san abin da wannan ke nufi.

Wasu za su ce mun koma mita da kilomita tun tuni, me ya kawo inci? Gaskiyarsu, a jarrabawa mita za a rubuta. Amma je ka wurin dillalan filaye ka ji da me suke ciniki: ƙafa ce da eka har gobe.

Dabarar tana da iyaka. Tarin taurarin Andromeda yana nisan shekarun haske miliyan 2.5, wato mil miliyan 2.5 a wannan awo, ninki goma na ainihin nisan wata daga nan. Wannan kam sai malami ya nemo wani ma'aunin.