Haƙa rami a gindin bango: kada ƙarin ɗaki ya ci gida da rai

Tun zamanin mulkin Olusegun Obasanjo, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta sayar wa ma'aikatanta gidajen da suke ciki a Abuja, dubban ma'aikata suka zama masu gida, wasu kuma suka mallaki nasu da lamuni a Gwarinpa, Kubwa da Lugbe. Iyali na ƙaruwa, fili ya yi tsada, don haka wasu suka koma neman sarari a ƙarƙashin ƙasa. Sai a kira leburori su haƙa rami a jikin bango domin gina matakalar sauka zuwa ɗakin ƙasa, mai gida yana ofis yana bin aikin ta waya. Wannan jarida na ganin akwai ganganci a cikin haka.

Fandisho ba shi kaɗai ke riƙe gida ba. Nauyin ginin yana sauka ne a kan ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ita kuma wadda ke gefenta ce ke hana ta gocewa. Shi ya sa injiniyoyi ke da ma'auni mai sauƙi: duk mita 1 da rami zai zarce gindin fandisho a zurfi, ya kamata ya nisance shi da aƙalla mita 1, in ba haka ba sai an tallafi ginin. Ramin matakala kuwa yakan haura mita 2 kuma a manne da bango yake, alhali fandishon ƙaramin gida ba kasafai yake kai rabin haka ba.

Jar ƙasar Abuja ma tana yaudara. Da rani takan tsaya cak kamar katanga, amma daga Afrilu zuwa Oktoba, idan ta sha ruwa, sai ta yi nauyi ta saki. Ƙasar da ke jikin bango ta fi rauni, domin ciko ce da aka mayar lokacin ginin farko. Curin ƙasa mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi ya kai tan 1.5. Idan ya zaftaro wa lebura, ko da kansa na waje, zai iya hana shi numfashi kafin a tono shi. Irin wannan mutuwa ba ta samun kanun labarai kamar ruftawar benen Ikoyi mai hawa 21 a Nuwamban 2021, amma marayun da take bari marayu ne.

Abin yi a bayyane yake. A fara gwada ƙasar. A ɗauki injiniya mai rajista da hukumar COREN ya duba fandishon, ya tsara yadda za a tallafe shi kashi-kashi, ana zuba kankare a wani sashe ya ƙame kafin a buɗe na gaba. A nemi izinin sashen kula da tsarin gine-gine na Babban Birnin Tarayya. Ramin da ya wuce mita 1.2 a tokare gefensa da katako ko ƙarfe, a nisantar da tulin ƙasa da buhunan siminti daga bakinsa, a kuma tanadi magudana, domin matakalar da ba ta da mafitar ruwa rijiya ce a gindin gida. Da an ga sabuwar tsaga a bango, ko ƙofa ta fara cijewa, kowa ya fito daga ramin nan take.

Muna kira ga mahukuntan birnin da su sauƙaƙa ba da izinin ƙananan gyare-gyare, domin jinkiri ne ke tura mutane yin aiki a ɓoye, su kuma riƙa leƙa unguwanni tun rami yana buɗe. Amma babban nauyin yana wuyan mai gida. A rukunan gidajen da bango ɗaya ya haɗa iyalai biyu, ramin mutum ɗaya na iya rusa ɗakin maƙwabcinsa. Kuɗin injiniya bai kai kuɗin sake gina bango ba, balle ran lebura da ya fito neman abincin yini. Gidan da aka yi shekaru ana yanke wa mutum albashi dominsa bai kamata a damƙa shi ga diga da shebur kawai ba.