ZAƁE DABAM, RABA-GARDAMA DABAM

Shin jam'iyyun da suka ci zaɓe suna iya cewa jama'a sun yarda da duk yarjejeniyar da suka goyi baya? Abin da ya auku a ƙasar Ailan ya isa amsa.

A zaɓen 2007, jam'iyyar Sinn Fein ta sami kujeru 4 kacal cikin 166 na Majalisar Wakilai. Ita kaɗai ce cikin jam'iyyun majalisar ta fito ta ƙi Yarjejeniyar Lisbon, wadda ta sake fasalin Tarayyar Turai. Amma da aka yi ƙuri'ar raba-gardama cikin watan Yuni na 2008, sai kashi 53 cikin 100 suka ce ba su yarda ba.

Dalili kuwa shi ne, ran zaɓe mutum yakan auna aikin yi, da albashi, da halin ɗan takara. Ran raba-gardama kuwa tambaya ɗaya ce tak a gabansa. Sai da aka ba Ailan tabbacin ba za a taɓa ikonta kan haraji ba, ko matsayinta na 'yar-ba-ruwanmu a sha'anin soja, sa'an nan kashi 67 suka amince cikin Oktoba na 2009.

Abin lura shi ne, majalisar ba ta sake ba tsakanin ƙuri'un nan biyu. Sharuɗɗan ne suka sake. Saboda haka ƙidayar kujeru ba ta isa ma'aunin ra'ayin jama'a kan yarjejeniya ba.