Shin 'Yan Kallon Ailan Ba Su Da Laifi?

Ran 15 ga Fabrairu 1995 Ingila ta je birnin Dablin wasan sada zumunta da Ailan. David Kelly ya ci wa Ailan ƙwallo ɗaya. Jim kaɗan sai wasu 'yan kallon Ingila suka shiga ɓalle kujeru da katako suna jifan waɗanda ke zaune ƙasa da su, har aka tashi wasan a minti na 27. Ingila ba ta sake wasa a Dablin ba sai 2015.

Mutanen Ailan kan yi alfahari cewa su ba haka suke ba, ni kuwa ban musa ba. A gasar Turai ta 2016 a Faransa, magoya bayansu sun sha waƙa, suna kwashe sharar da suka zubar a titi, har magajiyar garin Paris, Anne Hidalgo, ta ba su lambar yabo. Ga al'ummar da Birtaniya ta mulka har 1922, ladabi wurin kallon ƙwallo ya zama hanyar cewa mu daban ne.

To amma ni a ganina, mai yawan leƙen laifin maƙwabci yakan manta da nasa. A Dablin ɗin nan, magoya bayan Shamrock Rovers da na Bohemians sun sha ba hammata iska. A Nuwamba 2023 kuma aka ƙone motocin bas, aka fasa shaguna, wasu na riƙe da tutar Ailan. Ba ƙwallo ce ta jawo ba, kuma 'yan gida ne suka yi, ba baƙi daga Ingila ba.